Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar da Aka So Ta Ƙara Sauri

Da zuciya mai cike taf da baƙin ciki, malamin kimiyya da abokai ke kira Sai Na Gyara yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, Dattijuwa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a kan teburin cin abinci, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da hayaniya. Ta sha shayin da aka zubar mata har sau biyu, ba ta ce uffan ba. Harafi ɗaya ya ɓalle mata, ta ci gaba da aiki da wawulonta. Aibinta ɗaya: takan ɗauki sakan goma sha biyu kafin ta buɗe takardar makin ɗalibai, wadda maiɗakin Malam, malamar aji shida, ke cikawa.

Malama ba ta taɓa kuka da wannan ba. Shi ne dai abin ya tsaya wa a rai. Ya karanta cewa manhajar da kowa ke saukewa kamar rigar kanti ce, an ɗinka ta don kowa, amma in aka sake harhaɗa ta daga tushe daidai da ƙwaƙwalwar na'ura, sai ta zauna cif. Ya roƙi Malama ta bar masa kwamfutar na yamma ɗaya. Yamma ɗayan nan ta zama kwana tara.

Wayyo Dattijuwa! Kwana tara fankarta na "fuuu, fuuu", jikinta zau, har sai da aka ɗora ta kan murafen kwalba huɗu don ta sha iska. A rana ta tara aikin ya kammala. Malam ya riƙe agogo, ya buɗe takardar makin: sakan goma da rabi. Ya yi tsalle, ya ruga kiran Malama ta shaida. Kafin su dawo, Dattijuwa ta ce "ƙit", fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

An zare ma'ajiyar bayananta an saka a tsohuwar kwamfutar surukinsa, ta ƙi ko motsi, domin rigar da aka ɗinka wa marigayiya ba ta shiga kowa. Makin yara arba'in da uku na ciki, kuma ranar Litinin shugaban makaranta ke jiransa.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da jaka marar zif, da mai gida da ke kewarta ƙwarai, yana kuma cin abinci ba ya ɗaga kai.

Za a kai ta makwancinta gobe Asabar, ƙarfe goma, a shagon mai gyara na ƙarƙashin bene, wanda ya yi alkawarin ciro makin. Malama na roƙon duk mai zuwa ta'aziyya da kwamfutar aro ya miƙa mata hannu da hannu, kada ya bi ta wajen Malam. Kafin a watse, za a yi shiru na sakan ɗaya da rabi, wato duk abin da marigayiyar ta ba da ranta a kai.