Yadda Za Ka Ba Kamfanin Dako Kayanka Ba Tare Da Ka Ce 'Yarka Ta Yi Gaskiya Ba

Wannan takarda ta mai masana'anta ce wanda ya manyanta, yana da tsohuwar mota ɗaya da 'ya mai ilimi. In ka bi abin da zan faɗa daki-daki, kayanka za su isa a kan lokaci, 'yarka za ta zauna, girmanka ko ƙwarzane ba zai yi ba. Na gwada. Shekara talatin da huɗu ina ƙera teburan makaranta, ni da ban wuce aji uku ba. Saboda haka ka saurara.

Mataki na 1: Ka ƙi

Ranar da ta shigo ofis ta ce, "Baba, akwai kamfanin da aikinsu ke nan, dakon kaya. Mu mu ƙera, su su kai," kada ka ɗaga kai. Ka ce, "Muna da mota."

Za ta ce, "Muna dai da Mai Tari." Haka leburori ke kiran motata, don sai ta yi tari uku take tashi, shi ma sai an kwantar da ita a gangare. Ka ce mota mota ce. Za ta lissafa maka sau biyar da kaya suka makara bana, da ranar da ruwa ya kumbura katako a hanya. Ka ce laifin damina ne.

Tsohon da ya amsa kiran farko, gobe aikensa za a yi.

Mataki na 2: Ka ga takardar, ka yi kamar ba ka gani ba

Tawa 'yar Auta muke ce mata a gida, ma'aikata kuma Manaja. Bayan kwana biyu ta dawo ta ajiye takarda a kan teburina. Teburin ya shekara ashirin yana rawa, ƙafa ɗaya ta gaza. Ban gyara ba. Ni na mutane nake ƙerawa.

Ta ce, "Wata masana'anta ce a wani gari ta ba ni aiki, suna jiran amsa ƙarshen wata. Tebur ɗari biyun nan da za mu kai wa makaranta, ranar Litinin yara ke komawa aji. In Mai Tari ce za ta kai su, zan amsa musu. Na gaji da ba mutane haƙuri a waya."

Ka ce, "Rufe mini ƙofa, iska na shigowa." Idan ta fita ka sa tabarau ka karanta. Sau biyu. Sannan ka mayar da takardar daidai inda take.

A gida uwarta za ta sa baki. Tawa cewa ta yi, "To, Baban Auta, in ta tafi sai motar ta riƙa zuwa duba ka in ka kwanta ciwo." Kada ka tanka. Mace ba ta san inji ba, amma ta san inda ake soka magana.

Mataki na 3: Ka ce a kira su don ka kore su da bakinka

Haka za ka faɗa, kowa ya ji. Wakilin kamfanin dakon zai zo da kwat da kwamfuta. Kada ka ba shi kujera da wuri. Ka tambaye shi abu uku.

In tebur ya karye a hanya, asarar wa? In motarku ta mutu, akwai wata, kuma cikin awa nawa? Wa ke ƙirga kaya wurin lodi, wa ke ƙirgawa wurin saukewa?

Nawa wakilin ya amsa duka ukun, abin haushi. Na ce ya rubuta, don baki ba ya ɗaukar kaya. Ya rubuta. Na ce ya ƙara da ranar isa da awar isa. Ya ƙara. Daga nan ba sauran hanyar gudu, sai ka sa hannu a hankali, kamar mai yi wa mutum alfarma. Ka ce, "Sau ɗaya. Gwaji."

Mataki na 4: Ka nemo musu aibi ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙi. In babu aibi, shawarar ta 'yarka ce. In akwai, ta zama taka.

Ranar Juma'a tirelarsu ta zo, doguwa, fes, sawu huɗu na Mai Tari a cikinta. Mutanensu suka fara jera tebura a tsaye, sai ka ce yara ne za su hau su yi jarrabawa a hanya. Na ce, "Ku tsaya. Kun taɓa loda tebur?"

Direbansu ya ce, "Mun fi saba da buhu, Baba."

"Na gani."

Na sa aka sauke. Na nuna musu: a kifa ɗaya a kan ɗaya, fuska da fuska, kwali a tsakani, ƙafafu su saƙu da na maƙwabci. Ɗari biyu suka shige har da sauran wuri. Direban ya ɗauki hoto da waya, wai zai nuna wa 'yan'uwansa. Daga wannan lokaci kada ka sake cewa "kamfanin da Auta ta kawo". Ka ce "tsarin nan nawa".

Mataki na 5: Ka bi su a baya

Kayanka ba sa tafiya da baƙo ba idonka. Asabar da sassafe ka sa a tura tsohuwar motarka gangare, ka shiga gaba, ba komai a bayanta.

Direbana Sannu-Sannu ake ce masa, shekara ashirin da shida muna tare. Muna fita ya ce, "Maigida, in sun karɓe hanya, ni kuma fa?"

Na ce, "Tuƙa."

Awa ɗaya muna ganin bayan tirela. Awa ta biyu muna ganin hayaƙinta. Sai Mai Tari ta yi tari na huɗu, wanda ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a fili shimfiɗaɗɗe. Gangare ko na zubar da ruwa babu.

Mataki na 6: Kada ka kira kowa

Akwai bishiya, ka zauna. Waya za ta yi ƙara, kada ka ɗauka. Tawa ta yi sau huɗu. Sannu-Sannu ya buɗe inji ya rufe, ya sake buɗewa, don ya ga ko ta canza ra'ayi.

Ƙarfe sha ɗaya saƙo ya shigo: "Sun isa. An ƙirga ɗari biyu cif, ko ɗaya bai karye ba. Baba kana ina?" Ka karanta wa direbanka rabin farko. Ka ce, "Dole su isa. Wa ya loda?"

Da la'asar tirela ta dawo wayam, ta tsaya a gabanmu. Direban ya sauko yana danne dariya.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Hanya nake dubawa."

"Ai kuwa ta dubu." Ya jawo sarƙa sabuwa dal daga ƙarƙashin kujera.

Na ce, "Kullum da sarƙa kuke yawo?"

"A'a. Tun jiya Manaja ta ce in sa a mota. Ta ce in duba ƙarƙashin bishiyoyi in zan dawo."

A nan ka miƙe ka kaɗe riga. Ka duba ƙullin sarƙa, ka ce a ƙara ɗaure shi.

Mataki na 7: Ka riga kowa ba da labari

Za a shigo da kai masana'anta a jaye, ma'aikata duk sun fito. Ka zauna a miƙe, gwiwar hannu a taga. Kana sauka ka ce da ƙarfi, "Sarƙarsu ba laifi. Na gwada."

Kafin wani ya yi dariya ka yanke hukunci. Doguwar hanya tasu ce. Cikin gari na Mai Tari ne in ta warke. Lodi kuma babu teburin da zai hau motar kowa sai Sannu-Sannu ya duba ya sa hannu. Ka kalle shi sau ɗaya, ya isa. Nawa ya juya baya yana goge madubin da ba datti.

Mataki na 8: Maganar nan, kada ka faɗe ta

Za ka same ta a ofis, takardar na nan inda take. Kalma uku ce take jira: "Kin yi gaskiya." Kada ka ba ta. In ka faɗa yau, za a nema kullum.

Ni mabuɗin sito na ciro, wanda bai taɓa kwana a aljihun kowa ba sai nawa, na ajiye a gabanta. Na ce, "Akwai kaya uku watan gobe. Ki shirya da mutanen nan. Ni ba ni da lokaci."

Ta dubi mabuɗin, ta dube ni. Ta ɗauki takardar aikin ta ninka biyu, ta ninka huɗu, ta durƙusa ta cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin.

"Baba, dafa mu gani."

Na dafa. Bai motsa ba.

Na ce, "Aikin 'yan boko. Ƙafar ce ke son gyara."

Ta ce, "To a gyara mana."

Na ce, "Bar shi haka."

Gargaɗi

Ni dai na faɗi abin da na sani. Wanda ya bi wannan hanya rana ta ƙona shi a gindin bishiya, ko aka jawo shi gida ana kallo, ko ya wayi gari 'yarsa ke sa hannu shi yana shan shayi, kada ya zo ƙofata. In kuma ya zo, ya nemi Manaja, mabuɗi na wurinta. Sharaɗi ɗaya: kowa ya shiga ofishin, kada ya kuskura ya ɗaga mini tebur.