Motar Sahara a Lungun Koki

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba, safiyar da na tara mutanen unguwarmu da bakina don su ga tashina zuwa sahara, suka ƙare da kallon dugadugaina. Har yau in na biyo ta lungunmu na Koki sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri, musamman in akwai dattawa a zaune.

A shekarun nan ne da kowa a Kano yake barci da ido ɗaya. An hana acaɓa, ga dokar hana fita, ga shingen bincike a kowace kwana. In ka ajiye motar da ba a sani ba a bakin titi na minti goma, kafin ka dawo masu tireda sun kwashe kayansu. Ko ƙofa ce ta bugu da ƙarfi sai ka ga mutane sun watse, sai daga baya a dawo ana neman takalma. A cikin wannan hali saƙo ya zo cewa Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, yana kwance ba lafiya a ƙauyensu can gaba da Damagaram, kuma ba ya kiran sunan kowa sai nata. Su biyu suka rage a ɗakinsu, rabon da su ga juna kuwa an yi shekara tara.

Inna ta ce in kai ta tasha kawai ta hau motar haya. Na ce sam. Kuma tsakani da Allah ina da hujja: a lokacin motar haya in ta zo shinge sai an sauke kowa, a taka a ƙasa hannu sama, Inna kuwa gwiwoyinta ko tsallaka kwata sai an riƙe ta. Daga inda kwalta ta ƙare kuma yashi ne zalla har ƙauyen. Ga tsohuwar jif ɗin da Baba, Allah Ya jiƙansa, ya bari, mai jan ƙafa huɗu, inji lafiya lau. Na ce, "Inna, ba ni kwana uku in shirya ta, ni zan kai ki har ƙofar ɗakin Kawu." Ta dube ni ta ce, "To, Allah Ya nufa." A daren ta ɗaure kayanta.

(Ya kamata in faɗa muku aikina, don ku ji daɗin dariyar sosai. Malamin labarin ƙasa ne ni a sakandare. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai sahara a allo, amma a lokacin ko Daura ban taɓa wucewa ba.)

Da yake ba a barin mota a titi, balle a ga ana ɗaura mata jarkoki, sai na shigar da ita wani kango da ke bayan gidanmu. Lungun da ake bi a shiga ɗan tsurut ne, irin na cikin gari. Sai da na naɗe madubai biyu, na riƙe numfashi, sannan ta shige da ƙyar. Na kirawo Ya'u mai walda daga Ƙofar Wambai, ya turo janaretansa da ƙarafansa a kura, muka kafa sansani.

Abin da na yi niyya da farko kariya ce kawai a kan rufi, inda za a ɗora kaya da safaya. Da a nan na tsaya, da kwana ukun sun isa har da saura. To, sai shaiɗan ya haɗa ni da bidiyon Turawan nan masu keta sahara a waya. Na ga motocinsu, na dubi tawa, na ji kamar tsirara take. Washegari na ce wa Ya'u a yi mata garkuwar ƙarfe a gaba. Jibi na ce fitilu huɗu a sama. Gata na ce tsani a baya, da maƙalin shebur, da eriya doguwa wadda har yau ban san abin da za ta kamo ba. Na je na sayo manyan tayoyi na hannu masu faɗi, mai faci ya ɗura musu iska har suna ƙyalli. Har wani bututu na sa aka ɗaga mata ta gefen gilashi, wanda aka ce yana hana inji shan ruwa in za a ƙetare kogi. Ya'u ya ajiye abin waldarsa ya ce, "Malam, wai kogin nawa ne tsakanin nan da Damagaram?" Na ce masa shi dai ya yi aikinsa, ilimin taswira ba fanninsa ba ne.

Na ƙarshe, kuma shi ne ya kashe ni, shi ne ragar ƙarfe a gefe da gefe, kowace tana ɗaukar jarka biyu, na mai da na ruwa. Ranar da zai liƙa su Ya'u ya tsaya ya daɗe yana kallon bakin lungu, ya ce, "Malam, ka kuwa auna hanyar nan?" Na yi dariya irin ta masu ilimi na ce, "Haba Ya'u, motar da ta shiga ai za ta fita." Ya ce, "To, Allah Ya sa." Ya ja tabaransa ya ci gaba.

Kwana uku suka zama mako biyu. Kullum da safe in na shiga gaida Inna sai in tarar da ita a zaune a bakin gado, mayafi a kafaɗa, ƙullin kayanta a gefe, kamar yanzu za a ce ta taso. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Iyakarta ta ce, "Yau ma da saura?" In ce, "Kaɗan ya rage, Inna." Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin, wallahi, da zagi ta yi mini da ya fi sauƙi, amma a lokacin kunnena ƙarar walda kawai yake ji.

Da aka gama sai na bi gida gida ina sallama, ina cewa gobe da hantsi za mu ɗau hanya, a taya mu da addu'a. Gaskiyar magana ba addu'ar ce kaɗai nake so ba, so nake a ga motar. Aka kuwa taru. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, Alhaji Ɗanladi maƙwabcinmu, wanda bangonsa ne gefe ɗaya na lungun, ya sa aka fito masa da kujera. Mata suka cika soraye suna leƙe. Ni kuma na fito da rawani na naɗa irin na Buzaye, ido kawai a waje, ga baƙin tabarau, a tsakiyar birnin Kano. Aka kama Inna aka zaunar da ita a kujerar baya, liman ya yi addu'a aka shafa, na tayar da mota na ɗan taka totur don a ji muryarta.

Gaban motar ya shiga lungu lafiya. Kujerar direba ma ta wuce inda ya fi matsewa. Sai na ji ƙiiii ta dama, na ji ƙiiii ta hagu, mota ta tsaya cak. Ragar jarkokin nan ta ciji bangon Alhaji Ɗanladi, ɗayar ta ciji namu. Mai hankali a nan zai kashe mota ya sauko ya duba. Ni kuwa da na hango idanun jama'a sai na ce a raina, ai don irin wannan ranar aka yi ta da jan ƙafa huɗu. Na sa babbar giya na take totur har ƙasa. Ƙasar bango ta fara zubowa, Alhaji ya miƙe yana ɗaga hannu yana cewa, "Kai! Kai! Ɗakin Hajiya ne nan!" Motar ta ɗan zame gefe, tayar baya ta hau wani tsinin rodi da ke bakin kwata.

Ƙarar da tayar nan ta yi a cikin matsattsen lungu, ban taɓa jin irinta ba. DUM! Ƙura ta turnuƙe, wani ya ƙwalla salati, wata ta ce, "Sun shigo!" Kafin ƙiftawar ido lungu ya zama ba kowa.

To, ga inda nake so in binne kaina. Ni ne na fi kowa sanin taya ce, ni na saye ta, ni na tsaya aka cika ta da iska. Amma ƙafafuna ba su tsaya shawara da ni ba. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na dai tsinci kaina ina gudu, rawani yana warwarewa a bayana, na wuce liman, na wuce mai unguwa, na wuce wani mai tallan yalo da ya riga ni tashi da nisa. Sai da na kai bakin titi na faɗa bayan tulin buhunan gawayi na tsuguna, ina haki, sannan wani tunani ya faɗo mini kamar an kwaɗa mini muciya: Inna tana cikin mota. Ƙofofin baya duka biyu a manne da bango, ba ta da ta inda za ta fita, inji kuma na bar shi a kunne.

Dawowar nan ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, har da ta saharar. Mutane sun fara leƙowa daga soraye, kowa ya gane abin da ya faru, kowa kuma ya ga wanda ya fi gudu. Mai unguwa yana waya da jami'an tsaro yana rantsuwa cewa taya ce, kada a turo kowa. Ba wanda ya yi dariya tukuna, don ba a san halin da tsohuwa take ciki ba. Sai ga muryarta daga cikin mota, a natse kamar tana kan dardumarta: "Jama'a, in an ga mai motar a ce ya zo ya kashe ta, hayaƙi yana damuna." (Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ranar na gode wa Allah da wannan al'ada.) Ai kuwa sai lungu ya fashe. Liman da kansa sai da ya dafa bango.

Na leƙa ta taga na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta dube ni sama da ƙasa, rabin rawani a wuya, tabarau ido ɗaya ya fita, ta ce, "Ba ka ji ciwo ba dai?" Nan ne hawaye suka zo mini, ni da gemuna, a gaban unguwa.

Mata huɗu ne suka tallabo ta suka ƙetarar da ita ta kujerar gaba. Aka aika aka kira Ya'u. Ya zo ya tsaya ya dubi motar, ya dube ni. Ya tayar da janareta ya fara yanke abin da ya yi mako biyu yana liƙawa. Lungu ya toshe tun hantsi har la'asar, masu kai markaɗe da masu zuwa masallaci sai zagaye suke ta bayan unguwa, kowa ya zo sai ya tsaya an ba shi labari daga farko. Kafin a ciro ta a mayar mata da tsofaffin tayoyinta, lokacin hana fita ya kusa. Inna ta sake kwana da ƙullin kayanta.

Washegari muka tafi ba rakiya, ba rawani, mota kamar yadda Baba ya bar ta, sai kariya da shebur. Ta kai mu lafiya lau. Ko sau ɗaya yashi bai riƙe ta ba.

Mun sami Kawu Ilu da rai, amma matarsa ta tare mu a ƙofa ta ce kwana huɗu ke nan bakinsa ya rufe, ba ya iya magana. Na tsaya na lissafa kwanakin da na ɓata a kan fitilu da tsani da bututun ƙetare kogi. Ya yi ta kiran ƙanwarsa har muryar ta ƙare, ni ina can ina zaɓen fenti.

Inna ta shiga ta zauna a gefen shimfiɗarsa ta kama hannunsa. Ya gane ta, idonsa ya nuna. Ta gaishe shi, ta amsa wa kanta, ta ba shi labarin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Can sai na ji ta ce, "Yaya, bari in ba ka labarin jarumin da ya kawo ni." Ta kwashe komai ta faɗa masa, ba ta rage ko rawanin ba, har tana kwaikwayon yadda na wuce liman. Sai na ga kafaɗun Kawu suna rawa. Ba sauti, amma dariya yake yi, dariya sosai, hawaye suna gangarowa cikin kunnensa, yana nuna ni da yatsa. Matarsa ta ce rabon da ya yi ko murmushi tun kafin ya kwanta. Bayan kwana biyu Allah Ya karɓi abinSa, hannunsa a cikin na Inna.

A hanyar dawowa na sake ba ta haƙuri a kan kwanakin da na cinye mata. Ta ce, "Na so in ji muryarsa, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ga haƙoransa. Tuƙa mu je."

Tun daga ranar, in aka ce mini wani yana kwance yana nemana ko yana neman nawa, abin da na samu mai taya shi nake hawa, ko da kurar ruwa ce, gyara ya biyo baya. In kuma na ji ƙara, nakan tsaya in duba waye a kujerar baya kafin in ba ƙafafuna izini.