Rawanin Malam Jabbi a Kaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ratsa kasuwar Goronyo da shuɗin goshi ba, ina tafe ina ɗaga wa mutane hannu, ni a dole babban ma'aikaci. Har yau in na ga rawani ɗan Kura a kan wani, sai in ji wuyana yana ƙaiƙayi.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi, ban daɗe da baro makarantar boko a Sakkwato ba. Mahaifina manomin albasa ne, kuma sai da ya kusa cinye takalminsa da zarya zauren hakimi kafin aka ɗauke ni malamin hakimi. Ni ke rubutu, ni ke tafinta in Bature ya zo. Hakimin nan ba ya wasa da amana ko kaɗan. Wanda na gada, korarsa aka yi don kawai an same shi zaune kan buzun hakimi ranar da mai buzun ya yi tafiya. Ranar da zan fara aiki, babana ya kama kunnena ya ce, "Ka ji abin da anka yi ma wancan. Abin da ba naka na ba, ko kallo nai kak ka yi." Na ce to, Baba.

Ni kuwa a lokacin, Allah ya jarrabe ni da son gayu. Ina da wani man kai mai ƙamshi da nake saye wurin wani Bakano, in lafta shi har ya riƙa gangarowa bayan kunne. (Na ɗauka ƙamshin ’yan birni nake yi. Ashe mutane tun daga nesa suke sanin na taho, su gyara numfashi.)

To, akwai wani dattijo a garin, Malam Jabbi, Bafulatani. Agana ce ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami yana bin shanu. Ya yi karatu mai zurfi, sannan ya buɗe gidansa ga yara makafi. Daga Gandi ake kawo masa su, daga Marnona, daga rugage. Yana biya musu Alƙur'ani da ka, yana murza musu baƙaƙe da yumɓun bakin gulbi su shafa su san siffar kowane, da la'asar kuma a zauna tufkar igiya da saƙar tabarma. Yana da wata ƙa'ida da kowa ya sani: duk sabon abin da ya shigo hannunsa, ko tulu ne ko ɗan akuya, sai ya bi hannun ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Shi yakan ce, "A ba su su gani."

Wata rana Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi, aka kai shi gidan, ya yi ta jinjina kai. Hakimi ya ji abin ya taɓa shi, a ce baƙo ne zai riga shi sanin darajar malamin ƙasarsa. Sai ya sa fatake suka zo masa da riga mai aska da rawani ɗan Kura daga Kano, ya ce ranar kasuwa, in Di'o ya dawo, za a tara jama'a a ƙofar gida a karrama Malam Jabbi. Ya miƙo mini kayan da hannunsa ya ce in ajiye a ɗakina, don gidansa yara sun yi yawa.

Wanda bai san ɗan Kura ba, rawani ne baƙi wuluk mai walƙiya, an buga masa shuni har ya ƙoshi. Ko da ɗan yatsa ka taɓa shi sai ya bar maka shaida. Wannan kowa ya sani. Ni ma na sani, wallahi na sani.

Da safen ranar taron na yi wanka, na sha man kaina, na sa farar rigata. Sai idona ya faɗa kan ƙunshin. Na ce bari in leƙa kawai. Da na leƙa sai na ce bari in ji nauyinsa. Daga nan Shaiɗan ya matso kusa ya ce mini: "Mai rawanin makaho, ɗalibansa makafi. Wa zai sani?" Na ga kuwa maganar tana da hujja.

Na naɗa. Kai, jama'a, na yi kyau! Na zagayo da shi ƙarƙashin haɓa, na ja amawali, na ɗauko ɗan fasasshen madubina ina juya kai dama da hagu. Na gyara murya na yanke wa bango hukunci. Na karɓi gaisuwar talakawan da babu su. Bazara ce, ɗakin kamar tanda, gumi yana tsiyaya ta ƙarƙashin rawanin, ni ko a jikina.

Kwatsam na ji muryar dogari a ƙofar gida: "Malami! Bature ya iso, kai ɗai aka jira!"

Na fizge rawanin, na ninke shi yadda hannu ya ba ni, na cusa cikin takardarsa. Na share gumi da tafin hannu daga goshi har wuya, na fito a guje. Madubi kuwa ban sake waiwayarsa ba. Dogarin ya riga ya juya, da ko shi ya cece ni.

Hanyar gidan hakimi ta cikin kasuwa ta bi. Masu albasa suka bar awo suna kallona. Matan Fulani masu nono suka rufe baki da gefen zane. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Malami, yau kam ka hito!" Na ce masa madalla, na ƙara buɗe kafaɗa. Ni duk a zatona farar rigar ce ke aiki.

Na iso na tarar an cika. Hakimi na zaune, Di'o kan kujera a gefensa, Malam Jabbi kan tabarma da ɗalibansa a jere. Babana ma yana cikin jama'a, ya sa rigar Idi don ya ga ɗansa yana magana da Bature. Na durƙusa na yi gaisuwa na ajiye kayan. Hakimi ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na lura babana ya sunkuyar da kai, na ce a raina tsoho kunya ce ta kama shi don murna.

Aka yi jawabi, na fassara, har ina ƙara gishiri. Liman ya yi addu'a. Aka sa wa Malam Jabbi riga, jama'a suka yi kabbara. Sai aka miƙa masa rawanin. Kafin a naɗa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba ɗiyana su gani tukuna."



Rawani ya kama hanya. Wannan ya shafa ya miƙa, wancan ya shafa ya kai hanci. Har ya iso ga wata yarinya, Hassi, wadda ba ta san rufa-rufa ba. Ta laluba ninkin, ta shinshina, ta ce da muryarta tar, "Baba Malam, wanga rawani an riga an naɗa shi. Da damshi gare shi. Kuma ƙamshin man kan malamin hakimi shika yi."

Sai Di'o ya juyo gare ni, a matsayina na tafinta, ya tambaye ni abin da yarinyar ta ce. Ku duba wannan jarrabawa: ni za a sa in fassara tonon asirina da bakina! Na ce masa tana yabon kyan rawanin ne. Baturen nan ya gyara zama ya ce da Hausarsa mai kauri, "A'a, malam, ba haka ta ce ba." Ya zaro ɗan madubi daga jakarsa ya miƙo mini.

Innalillahi. Goshina shuɗi, kumatuna shuɗi, haɓata da wuyana shuɗi, ga sawun yatsuna biyar inda na share gumi. Wuyan farar rigar ma ya sha nasa rabon. Dariyar da jama'a suka daɗe suna dannewa ta fashe gaba ɗaya. Na so ƙasa ta buɗe, ƙasa ta ƙi.

Hakimi shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Wancan buzu yat taɓa, kai ko kyautar da zan girmama malami da ita kas sa ma gumi. Aje alƙalamina, tashi ka ba ni wuri." Na hango babana ya dafa kafaɗar na kusa da shi. Wannan ya fi mini dariyar ciwo.

Sai Malam Jabbi ya yi gyaran murya. "Ranka shi daɗe, yau ranata ta ko?" Hakimi ya ce ranarka ta. Ya ce, "To ina da roƙo. Rawani na karɓa, na gode, kuma yaro ya rage min shunin da za ya ɓata min goshi. Amma abin da ni rasa shekara da shekaru, mai ido na, wanda za shi murza min baƙaƙe su hito daidai. Kak ka kore shi. Ka ara min shi kullum in ya tashi aiki." Ya juyo daidai inda nake, kamar yana ganina, ya ce, "Ko ba ka so, ɗana?"

Ina so mana! Wa ya isa ya ce ba ya so? Hakimi ya ce ya yarda saboda darajar mai roƙo. Nan aka naɗa wa Malam rawaninsa da damshin gumina a ciki.

Shunin ya ƙi fita da sauri. Na dirje da sabulun salo, na dirje da toka, na dirje da lemun tsami, sai dai fata ta yi ja a ƙarƙashin shuɗi. Garin duka ya koma kirana Ɗan Kura, har jikokina sun taso sun ji sunan. A waɗancan kwanakin, wuri ɗaya ne a duk Goronyo da zan zauna ba a ƙura wa goshina ido, shi ne gidan Malam Jabbi. Da gudu nake zuwa. Aron da aka yi na ɗan lokaci ya zama shekaru, har na iya koyar da yaro alif da yatsunsa.

Man kan kuwa a makon farko na daina shafawa, don Hassi ta ce yana sa ta atishawa.

Abin da na koya bai da yawa. In an ba ka ajiya, ka bar ta a ƙunshe. In kuma Shaiɗan ya rantse maka cewa ba mai gani, ka tambaye shi ko ya yi shawara da masu hanci.