Jiniya a Ƙofar Makewayi

Ba na jin zan taɓa mantawa da makon da aka sa mini alam, wato jiniyar tsaron gida, a sabon gidana na unguwar Dar es Salam. Murna kamar in taka rawa! Kowace ƙofa sai da na sa aka manna mata na'ura, har makewayin baƙi na tsakar gida (kar ku tambaye ni dalili).

Mai haɗawar ya ba ni lambar kunnawa da kashewa, amma na lura akwai wata da yake dannawa ya shige can cikin tsarin na'urar. Na ce ita ma ya ba ni.

"Patron, ranka ya daɗe, wannan tamu ce ta masu aiki."

"Gidan naka ne ko nawa?"

Ya ba ni. Yana fita na jawo kujera. Na shiga nan, na leƙa can, daɗi kamar ina tuƙa jirgi! Na ga inda ake sa ƙofa ta yi gadi dare da rana, na danna wa wata ƙofa, ban ma duba wacce ce ba. Na zuba lambobin wayar maƙwabta don saƙo ya riƙa zuwa musu. Har lambar kashewa na canza, wai don ƙarin tsaro.

Washegari Juma'a surukina Alhaji ya taso daga Zongo don ya sa wa gida albarka. Aka ci, aka sha, ya ɗauki buta ya nufi makewayi.

Jama'a, jiniya! Na ruga ina danna tsohuwar lamba, sabuwar ta gudu daga kaina. Matata Hadiza tana ihu, "Kashe mana! Baba ne a ciki!" Kafin in juyo maƙwabta sun cika gida da sanduna. Wani ya ga ƙofar makewayi a kulle, ya hau bugu.

"Fito, ɓarawo!"

Daga ciki murya ta amsa a natse: "To, ku bari in gama."

Alhaji ya fito da butarsa, ya dubi sandunan, ya dube ni ina zufa.

"Ɗana, Allah ya sanya alheri. Gida kam ya tsaru."

Sai da mai haɗawar ya hawo babur ɗin kabu-kabu daga unguwar Lazaret aka samu shiru.

Har gobe ina cewa mai gida ya karɓi lambarsa, haƙƙinsa ne. Amma in yatsanka mai ƙaiƙayi ne irin nawa, miƙa wa matarka ta ɓoye.