Jar Laka a Gonar Jigawa

Wani mutum ne a garinmu, Mantau sunansa. Wata uku ya yi yana gadi a Legas, ya dawo da Turanci cikin cokali, surutu kuwa buhu-buhu. Shi da garma ko gaisawa ba sa yi.

Yana neman auren Kubura 'yar Baba Cindo. Da damina ta kankama Baba Cindo ya kira gayya, kowa kuma ya san a ranar zai gane ko Mantau zai iya ciyar da 'yarsa.

Tun kafin a fara, gogan ya hau lacca: "Kun san masu zille wa aiki? Doja Turawa suke ce musu. Shi ne wanda in an ce aiki cikinsa ya murɗa, in tuwo ya sauka ya warke. Ni na tsani doja! Ku dai ku ba ni fili."

Ganga ta tashi, kowa ya duƙa. Mantau ya sari ƙasa sau uku, caf, caf, caf, ya ce zai faro daga ƙarshen gona don kada ya tattake na gabansa. Sai ya sulale bakin rafi, ya miƙe a inuwa, har da minshari.

Ƙamshin miya ne ya tashe shi. Ya kwashi laka ya lafta a ƙafa, a riga, har goshi, ya yayyafa ruwa a madadin gumi, ya taho yana haki.

"Wash! Baba, yau gonarka ta ji jiki."

Baba Cindo ya dube shi sama da ƙasa. Gonar jigawa ce, kowa ya yi furu-furu da farin rairayi, Mantau kaɗai ne jawur.

"Sannu, Mantau. Wannan jar lakar fa?"

"Zurfi na yi, Baba. Sara ɗaya, sai da na taɓo ta ƙarƙashi."

Iya Tabawa, kakar Kubura, maginiyar tukwane ce, ita ke rabon tuwo. Ta lakato lakar daga goshinsa, ta murza, ta shinshina.

"La ila! Lakata ce ta bakin rafi. Kwana biyu ina jiƙa ta, ɗan nema!"

Wuri ya kece da dariya, har makaɗi ya yar da gula. Baba Cindo ya janye akushi daga gaban Mantau.

Iya Tabawa ta ce, "Kubura kam ta fi ƙarfinka. Amma je ka rana ka bushe, jibi nake gashin tukwane."