Sunan da Yakaka Ba Ta Faɗa

"...da kwanan ɗaki, amaryata? Ina gajiyar munshari?"

"Munsharin wa? Kai dai Bafulatani ba ka iya gaisuwa ba, sai ka ce saniya ce ta yi renonka."

Haka Maigida da kakarsa Yakaka suke gaisawa tun bai iya ɗaura wando ba. Ita Babarbariya, shi jinin Fulani ta wajen uba, ga kuma wasan jika da kaka. Wa zai shiga tsakani? Amma ran nan da hantsi, cikin 1955, ba wasa kaɗai ya shigo da shi gidansu na Azare ba. Wata jami'a a Ingila ta ba shi wurin karatun likitan dabbobi, sai Turawa suka tsiro da fitina. Takardun makaranta sun ce Maigida, takardar fasfo ta ce Yakubu, su kuma suka ce ai mutum biyu ke nan. Sai wanda ya halarci sunansa ya yi shaida da bakinsa. Iyayensa sun rasu, liman ya rasu, wanzamin ma ya bi su. Yakaka kaɗai ta rage. Motar wasiƙa kuwa da azahar za ta kama hanyar Kano, in ta tafi ba takardar, jirgin ruwa zai bar Ikko ba shi.

Ga inda abin ya yi tsami: Yakubu sunan marigayi mijinta ne, shi ya sa take kiran jikan Maigida. Shekara hamsin da ɗoriya sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Yakaka ta ajiye mazarin kaɗi, ta leƙa bayansa. "Wane ne wannan mai alƙalami a kunne? Sabon miji ka kawo mini?"

"Wa zai kwashe ki? Malam Hammawa ne, akawun En'e. Shaida za ki yi mini in tafi Ingila."

Malam Hammawa ya durƙusa. "Barka da hantsi, Iya."

"Yauwa, ga mai tarbiyya. Malam, ka ji abin kunya? Wai Bafulatani zai haye teku ya koyi shanu a wajen Nasara! Kakansa da ido kawai yake duban saniya ya gaya maka abin da ta ci shekaranjiya."

"Shanun can Turanci suke ji," in ji Maigida.

"To ka gamu da malamanka, su za su koya maka. An ce ƙasar ba rana. Waɗannan ƙafafun naka masu kama da sillen kara, sanyi ɗaya zai ɓalle su."

"In na dawo da ke zan fara aiki. Allurar bijimi zan yi miki, ko bakin nan zai huta."

"Ka taɓa ni ka gani! Ni da na wanke maka kashi, yau ni za ka yi wa allura?"

Malam Hammawa ya danne dariya, ya buɗe takarda a kan gwiwa. "Iya, wace shekara aka haife shi?"

"Shekarar fara. Ta cinye gero, ta cinye dawa, ta leƙa ɗaki ta gan shi kwance, ta ce wannan ba nama, ta wuce garin Gololo."

"Ƙarya take, Malam! Ita ta gani ta tsorata."

"Shekarar fara tana rubuce a ofis, ba damuwa," in ji Malam Hammawa. "Saura ɗaya. Wane suna aka raɗa masa?"

"Maigida."

"Na yanka, Iya."

Yakaka ta ɗauki mazarinta ta murza. "Sunan baban Annabi Yusufu."

"Na sani, Iya, amma da bakinki ake so."

"To ƙanen Isuwa... a'a, ɗan Annabi Isiyaku. Haba Malam, ba ka yi allo ba ne?"

Akawu ya ajiye alƙalami. Shi ma ɗan gari ne, ya san abin da yake nema ba ƙarami ba ne. "Wallahi Iya kunya nake ji. Amma an rantsar da ni, abin da kunnena ya ji shi hannuna zai rubuta."

"To kunnenka ya ji Maigida."

Maigida ya matso. "Haba 'yar Barebari, ke da bakinki ba ya rufuwa tun asuba, kalma ɗaya ta gagare ki? In kin faɗa, zan sayo miki haƙora a Landan."

"Ka sayo wa kanka hankali."

"Zan ɗauke ki a jirgi, in nuna wa Turawa zanen fuskarki, su ɗauka taswira ce."

Ya jira a rama, ba a rama ba. Zaren ya tsinke a hannunta, ba ta ƙulla ba. Ta zuba wa bangon ɗaki ido. Tun da Maigida yake bai taɓa jefa wa tsohuwar nan magana ta faɗi ƙasa ba sai yau. Tausayinta ya kama shi. Inuwar zaure ta fara guntulewa, shi ma ya gani, amma ya miƙa hannu ya karɓi takardar daga gwiwar akawu, ya naɗe.

"Bar shi, Malam. Shanun Katagum ma shanu ne."

"Maigida, in motar nan ta tashi..."

"Ta tashi. Mu je."

Sun kai bakin zaure ke nan sai suka ji tsawa a bayansu. "Wa ya ce ka naɗe? Kai, ragon Bafulatani! Shekara goma sha biyar kana cinye mini tuwo da sunan boko, yau ka ce ka fasa? Malam, dawo nan, buɗe kunnenka, sau ɗaya zan yi!"

Ta ja mayafi ta rufe kai ruf, ta juya musu baya kamar amaryar jiya. Ta yi gyaran murya sau biyu. Kaji ma sai da suka yi shiru.

"Yakubu!" ta ce da ƙarfi. "Tashi ka tafi Ingilar, ka ba ni wuri!"

"Na'am!" in ji Maigida, bai san lokacin da ya amsa ba.

Alƙalamin Malam Hammawa ya yi gudu a kan takarda. Yakaka ta yaye mayafi, ga hawaye shaɓe-shaɓe, ga dariya har da buga cinya.

"La'ilaha! Ashe haka yake da daɗi a baki? Shekara hamsin ina cutar kaina!"

"Dangwala nan, 'yar Barebari, kafin ki ce ba ke ba ce."

Ta dangwala babban yatsa, ta goge sauran tawadar a farar rigarsa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon bargon saƙi mai warin hayaƙi, ta jefa masa a ka.

"Na mai sunanka ne, ka rufe sillayen nan. Ruga, kada motar ta bar ka." Ta kama bakin rigarsa kafin ya juya. "Shekara huɗu kuka ce ko? To kada ka ƙara ko kwana ɗaya. Yanzu da bakina ya buɗe, ina so in sake kira a amsa mini."