Kiɗan Biki a Wayar Birki

Ba zan taɓa mantawa da zuwanmu ta'aziyya Dingaya ba, kuma na tabbata mutanen Dingaya ma ba su manta da ni ba.

Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da nake jigilar gero da ridi tsakanin Birnin Kudu da kasuwannin ƙauye. Da kaka ta yi, bukukuwa suka kankama, sai na ga in ɗaura mata lasifika a saman kai ko na riƙa samun hayar kai amarya. Na sayo na'urar kiɗa mai memori na cusa ta ƙarƙashin kujerar fasinja, har na naɗi muryata a farkon waƙar don talla (shaiɗan ne ya ba ni wannan shawarar, ba ni da shakka).

Saura wuta. Abokina Bala, shi ma direba, ya ce hanya biyu ce: ko in jawo daga batir in sa fis da makunni, ko in ɗauka daga wayar mukulli yadda in na kashe mota komai zai mutu. Ni kuwa na ga batir da nisa, wayar mukulli kuma sai an kwance roba. Na leƙa ƙasan sitiyari na ga wata koriyar waya tana reto kusa da ƙafata, na feƙe ta na ɗaura, na naɗe da leda. Na kunna, shiru. Na murɗa sauti har ƙarshe, shiru. Na zagi mai shagon da ya sayar min, na bar ta a haka.

Washegari aka yi rasuwa a Dingaya, yayan Malam Sale ne. Malam Sale kuwa, malamin gona, shi ne mahaifin Hadiza, wadda nake nema, kuma har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya ce kawai shi ne yana son ya ga natsuwata tukuna, don direbobi rawar kai ta yi musu yawa. Ai kuwa da jin labari na garzaya Kiyako, garin su Malam, na ce ni zan kai su. Dattawa suka hau baya a kan tabarma, Malam ya zauna gaba kusa da ni.

Tuƙin da na yi ranar ko ƙwai na ɗauko ba zai fashe ba. Abu ɗaya ne ya dame ni: duk na ɗan taɓa birki sai in ji lasifika ta yi "gum" sannan ta yi shiru. Malam ya dube ni, na ce, "Ramuka ne, Baba." Ashe na'urar tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta farka, ni kuma ban taɓa riƙe birkin ya daɗe ba.

Gidan rasuwar a kan ɗan gangare yake, jama'a maƙil a kan tabarmi, liman ya ɗaga hannu ana fatiha. Birkin hannuna ya daɗe da mutuwa, don haka na danne na ƙafa don dattawa su sauka a hankali. Sai kawai na ji muryata daga sama, da ƙarfin da ban san ina da shi ba: "Jama'a a taso, ranar farin ciki ce, kowa ya fito fili." Kalangu ya biyo baya.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na kashe mota, kiɗa bai tsaya ba. Na zare mukulli gaba ɗaya na riƙe a hannu ina kallonsa kamar shi ya yi laifin. Wayar da na ɗaura ashe ta fitilar birki ce, ita kuma babu ruwanta da mukulli. Maɓallin rage sauti yana ƙarƙashin Malam, babbar rigarsa ta rufe shi ruf, kuma wa ya isa ya kai hannu tsakanin ƙafafun surukin da bai ba shi 'yarsa ba tukuna? Tsoro ya sa na ƙara danne birkin.

Can ƙafata ta ɗan saki, wuri ya yi tsit, amma mota ta fara silalewa da wani tsoho rataye a bayanta yana salati. Na sake dannawa. Na yi ajiyar zuciya, liman ya sake ɗaga hannu, sai ga ni kuma daga farko: "Jama'a a taso..."

Malam Sale bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaro, sa mata giya ka ɗauke ƙafarka." (Shekaru ina tuƙi, amma sai da malamin gona ya tuna min akwai giya.)

Na sauko na durƙusa ina "Ya haƙuri," aka amsa min da "Haƙuri sai mu ce da kai." Wasu samari sun cusa fuska a hula, kafaɗunsu na rawa. Ni kam na riga na yi wa Hadiza bankwana a zuciyata.

Kafin mu kama hanyar dawowa, na fizge wayar da hannuna. Sai da muka kusa Kiyako Malam ya ce, "Ka ji kunya har ta kai maka ko'ina, amma ba ka saki birki ka kayar da tsofaffi ba. Ka turo magabatanka." Na ce na gode. Ya ƙara da cewa, "Sai dai ranar kai amarya, a nemo wata motar."

Tun daga nan na koyi cewa kafin ka jona waya, ka bi ta ka ga inda ta fito da kuma lokacin da take kawo wuta. Ga masu neman aure kuma, a gyara birkin hannu kafin a ɗauki suruki.